Shirin Zuwa Kallon Ƙwallo a Hayin Kogi

Wanda bai san Kaduna ba, in ya ji an ce mutum ya kwana uku yana shirin zuwa filin wasa na Ahmadu Bello daga Kakuri, dariya zai yi. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, da ka wuce tashar jirgin ƙasa ka haye gada sai ka hango fitilun filin. Amma tun tarzomar 2000 da ta 2002 kogin nan ya zama tamkar iyaka, Musulmi da yawa suka koma arewa da shi, Kiristoci da yawa suka dawo kudu. Mu kam ba mu tashi ba, domin mahaifinmu, tsohon ma'aikacin masaƙa, ya ce inda ya ci ƙuruciya nan zai tsufa.

A gare shi muka gaji son ƙwallo. Yakan ba mu labarin Rashidi Yekini, wanda ya fara fito da kansa a ƙungiyar masaƙar UNTL ta nan Kakuri, kafin ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a gasar cin kofin duniya a 1994. Saboda haka da aka ce Nijeriya za ta kara da Masar a Kaduna ran 25 ga Maris, 2016, ni kuwa na zo hutu daga jami'a, sai ƙanena ya tasa ni gaba sai na kai shi. Ba shi kaɗai ba, har da abokinsa, ɗan maƙwabciyarmu, wata gwauruwa Kirista wadda shi ke nan gare ta. Yaron shekararsa goma sha biyu, bai taɓa haye gadar nan ba tare da uwarsa ba.

Da na je neman izni ta daɗe tana dubana, sa'an nan ta ce, "Ɗana, ka san abin da kake roƙo kuwa?"

Na ce, "Na sani, Mama."

Ta ce, "To, amana ce. Kada duhu ya same ku a hayi."

Daga nan shirin ya tashi daga na nishaɗi ya koma na riƙon amana. Abu na farko lokaci ne. Ranar Juma'a ce, kuma ta dace da Juma'ar da Kiristoci ke girmamawa kwana biyu kafin Ista, watau ni da ƙanena muna da masallaci, shi kuma yana da coci. Muka tsayar cewa kowa ya sallami Ubangijinsa tukuna, mu haɗu a ƙofar gidanmu. Na biyu kuɗi. Na raba kuɗin mota uku, kowa na sa masa nasa a safa, na kuma rubuta lambar wayata a takarda na cusa a aljihun kowannensu. Na uku wurin zama: kusa da ƙofa, ba tsakiya ba, ko da kallon ba zai yi daɗi ba. Na huɗu, wanda ya fi ba su haushi, shi ne za mu fita ana saura minti goma a tashi, ko wane ne ke cin wasan. Masu iya magana suka ce shirin zaune ya fi na tsaye.

Abin da muka tarar ya wuce lissafina. Filin da aka ce na mutum 16,000 ne, sai ga wajen 40,000 a ciki, domin an buɗe ƙofofi kowa ya shiga. Da idona na ga samari sun ɗare kan dogayen ƙarafan fitilu kamar jemagu a mangwaro. Na riƙe hannuwan yaran nan har tafina ya yi gumi. Amma a cikin wannan cunkoso ne na ga abin da ban taɓa gani ba tun tasowata. Da Etebo ya jefa ƙwallo a ragar Masar bayan an dawo hutun rabin lokaci, wani dattijo mai hula da carbi ya sunkuci ɗan maƙwabciyarmu ya ɗora a wuya yana ihu, gicciyen yaron na lilo a goshinsa. Babu wanda ya tambayi wani daga wane gefen kogi ya fito.

Da lokacin da muka yanka ya cika na ce mu tashi. Ƙanena ya ce, "Haba Yaya, saura kaɗan fa!" Ban saurare shi ba. Muna bisa gada, a ƙasa muke tafe, sai muka ji filin ya yi tsit a bayanmu. Wani mai rediyo ya ce Mohamed Salah ya farke a mintin ƙarshe, an tashi ɗaya da ɗaya. Bayan kwana huɗu Masar ta ci mu ɗaya da nema a gidanta, muka rasa zuwa gasar Afirka ta 2017. Mu dai mun iso Kakuri da sauran haske.

'Yan'uwana ɗalibai, mun sha yin muhawara a zauren taro kan haɗin kan ƙasa, da manyan kalmomi. Ni abin da na fahimta shi ne, wata sa'a haɗin kan bai wuce uwa ta yarda ta danƙa maka ɗanta ba, kai kuma ka komo da shi kan lokaci. In ka cika wannan, gobe za ta sāke ba ka shi, yaron kuma ya girma bai ɗauki gada a kan bakin duniya ba. Yanzu haka a hayin yake koyon sana'a, kullum yana hayewa shi kaɗai. Allah ya zaunar mana da garinmu lafiya, amin.