Tashar Jirgi Ce Cibiyar Kafanchan

ʼYan uwa, duk baƙon da ya ce in zagaya da shi Kafanchan, tashar jirgin ƙasa nake fara kai shi, kafin ruwan Matsirga da duwatsun Kagoro. Dalilina shi ne, daga tashar nan tsakiyar garinmu ta tsiro.

Kafin zuwan dogo, Fantswam ne ke zaune a wannan ƙasa, kuma daga sunansu aka samo Kafanchan. A 1927 garin ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos. A 1933 aka taso da fadar Sarkin Jama'a daga Jama'a Sarari zuwa nan. Kasuwa ta cika, masallatai da coci-coci suka tashi, duk a tazarar da ƙafa za ta iya kaiwa daga tasha.

Kakana leburan reluwe ne. Yakan ce a zamaninsu kukan jirgi ne agogon gari. A kwatas ɗinsu akwai Ibo da Yarbawa da Bajju da Atyap da Hausawa, famfo ɗaya suke ɗiba, yaransu na wasa da Hausa. Kakata kuwa da tallan gyaɗa da ayaba a tagar jirgi ta yi wa ʼyaʼyanta mata kayan ɗaki.

Yau jirgi ya yi wuyar gani, ciyawa ta rufe dogo, taragai sun yi tsatsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yaranmu sun haddace 1987 da 1999 da 2011, shekarun rikici, amma kaɗan ne suka san 1927. Yaron da labarin faɗa kaɗai ya gada, da wane ido zai kalli maƙwabcinsa?

Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna ta ƙarewa. Wanda ke da irinsu a gida ya zauna da su, ya naɗi muryarsu a waya. Mai tsohon hoto ko tikiti ya adana. Malamai su riƙa kai ɗalibai tasha. Mu kuma haɗa baki mu roƙi hukuma ta ware gini ɗaya ya zama gidan tarihi, tun kafin ʼyan gwangwan su riga mu.

Waiwaye adon tafiya. Allah ya zaunar da garinmu lafiya.