Injin aski a jakar hannu

In zan hau jirgi, a jakar hannu nake sa injin askina. Jami'an bincike ba sa hana shi, tsirarar reza suke karɓewa. Batirin litiyam ɗinsa ne abin lura: in ya kama wuta kusa da fasinjoji, ma'aikata za su gani su kashe, a ma'ajiyar kaya kuwa ba mai isa wurin. Nakan kulle makunninsa, kada matsin kaya ya tayar da shi.

Kan batun injin nan, masu zuwa Umara nake yawan tunawa. Mai harami ba ya aske gashinsa sai ya gama sa'ayi. Lokacin nan injin kansa ya fi masa aminci da rezar da ta bi kawunan jama'a, domin wani ciwon hanta ta jini yake yaɗuwa.