Farautar Faifan Kyuba a Cikin Badalar Kano

Kusan duk wanda na faɗa wa abin da ya shigo da ni cikin birni sai ya yi dariya ya nuna mini hanyar Sabon Gari. Suna da gaskiyarsu. Tun da aka kafa Sabon Gari wajen 1913, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, a can gidajen rawa suka yi sansani, a can makaɗan kudu suke sauka in sun zo wasa. Cikin badala kuwa kunne ya saba da kalangu da kotso da algaitar fada, daga baya waƙoƙin Indiya suka samu gindin zama. Sai dai na san halin kayan Kano. Abin da wani ma'aikacin reluwe ko ɗalibin da ya dawo daga Turai ya saya shekara hamsin da suka wuce, ranar da aka zo rabon gadonsa sai ya faɗa hannun dillalai da 'yan gwangwan, ya gangaro Ƙofar Wambai ko Kurmi. Don haka na bar wurin da aka yi rawar, na nufi wurin da tsofaffin kaya suke ƙarewa.

Abin da nake nema faifan garmaho ne na kiɗan Kyuba da 'ya'yan da ya haifa a New York, wato salsa da jaz ɗin Latin. A raina akwai sunayen da masu tara faifai ke mafarkinsu: Puente in Percussion na Tito Puente, wanda kamfanin Tico ya fitar a 1956, inda shi da Mongo Santamaría da Willie Bobo da Patato Valdés suka yi ta ganga zalla ba mawaƙi ba ƙaho, sai Palo Congo na Sabu Martínez a kamfanin Blue Note, 1957, sai Acid na Ray Barretto, 1968. Ban sa rai sosai ba. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Ɗan Adaidaita Sahu ya sauke ni a Ƙofar Wambai da hantsi. Na ratsa 'yan robobi da 'yan gwanjo ina tambaya, matasa suna kallona kamar mai neman kuɗin wuri. Wani ya miƙo mini faifan CD, wani ya ce in kawo wayata ya tura mini duk waƙar da nake so. Sai wani dattijo mai tsofaffin rediyoyi ya fahimce ni, ya sa yaronsa ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Jim Reeves ne a sama, Don Williams na biye da shi, sai Jimmy Cliff, sai waƙoƙin finafinan Indiya jibgi guda. Wannan kwalin ya ba da labarin kunnen Kano fiye da littafi. Can ƙasa na ga Abraxas na Santana, 1970, wanda a cikinsa ya sake kaɗa “Oye Como Va” ta Tito Puente. Rana ta riga ta gama da shi, ya lanƙwashe ta yadda ko allura ba za ta zauna a kansa ba. Na mayar. Dattijon ya ce in gwada Kurmi, wajen masu kayan da.

Daga nan ƙafa ce. Lungunan da ke kaiwa Kurmi ba sa son mai sauri: ga kwata a tsakiya, ga amalanke, ga almajirai, ga tsohon soro mai zanko ya jingina da sabon bene na bulo. Kasuwar tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, kuma har yau in ka shiga ta sai warin jima da ƙamshin kanumfari su tare ka tun kafin ka ga rumfar kowa. Na wuce 'yan sirdi da linzami, na wuce masu tasoshin tagulla da tsakiya, har na iso wata rumfa mai duhu inda takubba da tsofaffin kwabbai masu huda suke rataye. A kan wani akwatin ƙarfe ga garmaho irin na wani da hannu, murfinsa a buɗe.

“Salamu alaikum, Baba. An wuni lafiya? Ya kasuwa?”

“Alhamdu lillahi. Shigo, ɗana. Garmahon kake so? Turawa ne ke sayensa, su ma yanzu sun yi wuyar gani.”

“Faya-fayansa nake nema, Baba.”

Mai rumfar ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya ɗaga wata tsohuwar darduma. A ƙarƙashinta ga su nan a jere, masu nauyin nan na da, waɗanda ke juyawa sau 78 a minti, waɗanda in sun faɗi ƙasa sai dai a share. Na durƙusa ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu na Larabci ne da na Indiya. Sai hannuna ya kai kan wani mai hoton karen nan da ke sauraron bakin garmaho, tambarin His Master's Voice, a gefen lambarsa kuma ga haruffa biyu: GV. Ƙura ta cinye sunan waƙar, kuma ya tsage daga baki har kusan tsakiya, amma haruffan nan sun ishe ni.

Duk wanda ya bi tarihin kiɗan zamani a Afirka zai yi karo da su. A 1933 kamfanin EMI na Ingila ya fara buga jerin GV, yana kwaso waƙoƙin Kyuba da aka riga aka ɗauka yana turo su kasuwannin Afirka, har suka kai wajen 250. Na farko a jerin shi ne “El Manisero”, waƙar mai tallar gyaɗa, wadda Moisés Simons ya tsara, ƙungiyar Don Azpiazú ta ɗauka a New York a 1930 da muryar Antonio Machín. Abin ya ba ni dariya a zuci: a shekarun da faifan ke yawo a jiragen ruwa, Kano na tara buhunan gyaɗa dala-dala tana aika wa Turai. A Kinshasa da Brazzaville faya-fayan nan ne suka haifi rumbar Kongo, kiɗan su Franco da Tabu Ley. A Dakar da Konakiri da Kwatano haka suka kama matasa. A Najeriya tasirin ya fi shiga ta cikin highlife, inda ganguna irin na Kyuba suka zauna daram a ƙungiyoyin su Bobby Benson da Victor Olaiya. A ƙasar Hausa bai yi saiwa irin haka ba, kuma a ganina dalilin a fili yake: kiɗan nan na rawar mace da namiji ne riƙe da juna a gidan shaƙatawa, wurin da ɗan birni mai kunyar idon unguwa ba zai so a gan shi ba. Silima ma sai da aka kai ruwa rana kafin ta shigo cikin birni, lokacin da aka buɗe silimar Palace a Jakara a 1951.

Da Baba ya ga na daɗe riƙe da fasasshen faifai, sai ya ce akwai wasu manya marasa nauyi a cikin buhu, ya saye su ne tare da wata tsohuwar radiyogiram daga wani gida. Muka zazzage buhun a bakin rumfa inda haske yake.

Nan aikin yake. Gara ta ci gefen kwalaye da yawa, ta bar musu zane kamar taswira, ƙurar hunturun shekaru ta shige cikin layukan. Kowane faifai sai na zaro shi da tafin hannu ba tare da yatsa ya taɓa fuskarsa ba, in karkata shi ga rana in ga ko ƙarzuwar ta sama ce ko ta yi zurfi, in ɗora farce a hankali in ji ko zai maƙale, sannan in ɗaga shi daidai ido in duba lanƙwasa. Rex Lawson ya fito, Osadebe ya fito, Franco ya fito har kashi-kashi. Sai ga wani kwali da ya sa gabana ya faɗi: Dance Mania, Tito Puente, RCA Victor, 1958, faifan da ya fi kowanne shahara a aikinsa. Na zura hannu ina bismilla. Abin da ya fito Mamman Shata ne. Wani bawan Allah, a wata shekara, ya rasa rigar faifan Shatansa ya ara ta Puente, shi kuma Puente Allah kaɗai ya san inda ya kwana. Baba ya yi ta dariya har da tafa hannu, ya ce ai na ci riba, an ba ni wanda ya fi.

Kusa da gindin buhun rabona yake. Celia & Johnny, na Celia Cruz da Johnny Pacheco, 1974, kwalinsa ya sha jiki amma faifan lafiya lau in ban da ƙura. Pacheco, mutumin Jamhuriyar Dominika, shi ne ya kafa kamfanin Fania a New York a 1964 tare da lauya Jerry Masucci, kuma wannan faifai ya fito ne a Vaya, reshen Fania. A watan Satumban shekarar da ya fito, Celia da Pacheco da sauran taurarin Fania suka yi wasa a Kinshasa, a bikin da aka shirya gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman. Ko fatake ne 'yan Kano masu zuwa Kongo ko Abijan suka shigo da shi, ko wani ɗalibi ne, Baba ya ce shi dai a buhu ya gan shi.

Ba na sayen faifai ban ji shi ba. Baba ya haɗa ni da yaronsa ya kai ni wajen wani mai gyaran rediyo ta ɓangaren Jakara, wanda har yanzu yake da na'urar juya faifai a ƙarƙashin tarin tsofaffin talabijin. Babu wuta, sai da ya tayar da ƙaramin janareta. Ya goge faifan da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, yana bin layukan a zagaye, ya busa allurar, ya saka waƙar farko, “Quimbara”.

A benci a ƙofar shagon akwai wani tsoho zaune, kalangu a rataye a kafaɗarsa, da alama daga wajen mahauta ya fito. Gangunan farko na tashi sai ya juyo. Bai ce komai ba har muryar Celia ta shiga, 'yan amshi suka karɓa.

“Wannan matar zabiya ce,” in ji shi. “Daga wace ƙasa?”

“Kyuba, Baba. Can ƙetaren teku, kusa da Amurka.”

“Baƙar fata ce?”

“Baƙa ce.”

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar masa da abin da ya riga ya sani. Ya sa aka mayar da allurar baya. A karo na biyu ya fara buga yatsu a gwiwa, kuma abin da ya kama ya ba ni mamaki. Bai bi babbar gangar ba, bai bi ƙahonnin ba. Ya tsamo bugu biyar ɗin nan da duk kiɗan ke rataye a kansu, uku a gefe ɗaya biyu a ɗayan, abin da mutanen Kyuba ke kira clave, wanda sau da yawa ba a ma buga shi a fili, makaɗa ne ke riƙe da shi a ka. Ni sai da na karanta littattafai kafin na iya jin sa. Shi ya ce aikin kuntuku ne: ƙaramin da ba ya canza magana, don manya su sami damar yawo su dawo.

Sai ya kawo sukarsa. Ya ce gangar tasu tana da daɗi amma ba ta magana, don ba ta da tsarkiyar da za a matse a hammata a sauya mata murya. Mai ita da tafin hannu da yatsu kawai yake lallaɓa ta. Ya zame kalangunsa ya matsa, ya saki, ya bi bayan Celia na ɗan lokaci, har masu wucewa suka fara tsayawa. Na gaya masa cewa kakannin masu wannan kiɗa bayi ne da aka kwasa daga ƙasar Yarbawa da Kalaba da Kongo, kuma ba a daina bauta a Kyuba ba sai 1886, shi ya sa har gangar bata ta Yarbawa tana nan a can. Ya tambaya ko akwai Hausawa a cikinsu. Na ce namu an fi jin labarinsu a Bahia ta ƙasar Birazil, inda suka yi ta tayar wa masu su da ƙayar baya tun daga 1807. Ya ce to shi ya sa, da an kai Hausawa da yawa da gangar ta yi magana.

Ban yi masa musu ba, ko da yake na so a ce Mongo Santamaría ne a kan na'urar, ya ji yadda tafin hannu kaɗai ke fitar da muryoyi daga fata ɗaya. Masu tara faifai a Turai da Japan suna auna darajarsa da lambar da aka ƙarce kusa da tambari, da ko bugun farko ne, da ko kwalin bai yage ba. Ni ma ina duba waɗannan, ba zan ɓoye ba. Amma a cikin dukkanmu da ke shagon nan, mutumin da bai taɓa jin sunan Fania ba shi ya fi kowa sanin abin da ke faruwa a cikin faifan.

Da na koma Kurmi an yi la'asar. Na ware Celia, na haɗa da fasasshen GV da Franco guda, na ɗora kwalin Puente da Shatansa a ciki. Baba ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya ce ai mai gyaran rediyo ya aiko yaro yana son Shatan, in na bar masa shi zai rage mini. Na ce kwalin fa? Ya ce kwali kyauta ne, wa zai sayi riga ba mai ita. A haka muka daidaita, ya sallama. Ya naɗe mini su a tsohuwar jarida, ya gargaɗe ni kada in ajiye su a kwance a bayan mota, kada kuma in bar su kusa da taga, don zafin Kano ba ya barin roba. Sannan ya karɓi lambar wayata, ya ce akwai wani gida da za a raba gadonsa bayan Sallah, an ce marigayin ya yi aikin reluwe, kuma akwai akwatin ƙarfe guda da ba a buɗe ba tukuna.