Tsamiyar da Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba



A tsakar gidanmu na Gadarif, dab da inda Malam yake alwala, akwai wata tsamiya a cikin kasko. Ta girme mu duka, amma tsawonta bai wuce ƙugun magidanci ba. Kakanmu ne ya shuka ƙwallonta. Ya baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya yada zango a nan kamar dubban Hausawa, yana noman dawa da riɗi domin tara guzuri. Ya ƙi dasa ta a ƙasa. A cewarsa, shi a kan hanya yake. Allah ya karɓi ransa bai ƙetare teku ba.

Malam ya gaji kaskon, mu kuma muka gaji hidimarsa. Duk shekara biyu, gab da faɗuwar damina a watan Yuni, mukan zare ta, mu rage saiwoyin da suka nannaɗe, mu sake mata ƙasa. Baƙar lakar Gadarif, wadda ke ciyar da jama'a da dawa, a cikin kasko ajali ce: ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, ta bushe ta tsattsage. Dole a cuɗa ta da yashi da tsohon taki. Maƙwabta sukan yi ta cewa tsamiya gidan iska ce; Malam sai dai ya yi murmushi. Sai da muka shiga sakandare muka ji cewa mutanen Japan suna da wannan fanni, suna kiransa bonsai. Su don ƙawa suke yi.

A Disamban 2023, da yaƙi ya ci Wad Madani, gidanmu ya cika da dangi. Ruwa ya yi tsada, har aka fara tambayar dalilin shayar da itace alhali yara na jiran wanka. Ba mu da amsa. Muka riƙa tara mata ruwan alwala a tasa, ta zubar da rabin ganyenta, ta rayu.

Bara muka haƙa rami a bayan zaure, muka ce: “Malam, a nan aka haife mu, a nan muka binne Kaka. A dasa ta.” Ya daɗe yana duban ramin, sannan ya ce a dakata sai ya sauke farali. Ramin yana nan, yara sun soma zuba masa toka.