Kilifa ba ta da laifi, hannuna ne

Yau ba maganar waya za mu yi ba, maganar kilifar aski ce, irin mai caji ɗin nan da kusan kowane matashi ya saya.

Ni ma na sayi tawa da kuɗin tumatir ɗin da na kai Kwanar Gafan. Don in nuna gwaninta sai na cire mata kum, na matso da bakinta gaba yadda za ta kwashe gashi tas kamar aska. Duk Juma'a sai na kankare gemu da ƙeya, washegari kuma ina cikin fadama a Kadawa, ga rana, ga gumi, ga ƙura. Kafin wata biyu wuyana ya cika da ƙuraje masu ƙaiƙayi, wasu har da ruwa. Na yi ta sosawa, na shafa wani kirim mai sa fari da aboki ya ba ni. Ƙurajen sun lafa, suka dawo fiye da da. Har yanzu akwai tabo mai tauri a ƙeyata.

Sai a asibiti aka fahimtar da ni. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In ka yanke shi ƙasa sosai, bakinsa kan yi tsini, ya lanƙwaso ya soki fata, jiki kuma ya ɗauke shi kamar ƙaya ya kumbura.

To ga abin da nake yi yanzu, kai ma ka gwada:

1. Kada ka kankare. Bar aƙalla milimita 1, ko ka sa kum mai lamba 1.
2. Duba bakin kilifar. Wuƙar da ke motsi ta ɗan ja baya da wadda ke tsaye, in ba haka ba tana yankar fata.
3. Bi inda gashi ya kwanta, kar ka ja fatar, kar ka yi ta maimaita wuri ɗaya.
4. Taɓa bakin a bayan hannunka. In ya yi zafi, kashe ta ta huce.
5. Bayan aski ka kakkaɓe gashi da burushi, ka goge da sifirit, ka ɗiga mata mai.
6. Wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, ba ruwan kanal ba, ka shafa man kaɗanya kaɗan.
7. Ranar da za ka yi feshin magani a gona, kar ka yi aski.

In ƙurajen sun riga sun fito, ajiye kilifar sati 3 zuwa 4, kuma kar ka matsa su. In ka ga mugunya ko kumburi mai tauri, tafi asibiti, kar ka jira kamar ni.

Sannan don Allah a rage aron kilifa. Makero da ciwon hanta duk suna iya bin ta.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa a kwashe amfanin gona lafiya.