Tafiyarmu Mabai Da Katin Da Ya Ƙi Biya

A watan Nuwamba na 1924 da kakanmu zai yi wannan tafiya, da jakinsa zai ɗaura wa mangala, ya ƙulle kuɗinsa a lalita, ya kama hanya. Mu kuwa da muka yi ta a Nuwamba na 2024, kuɗinmu duka yana cikin wani ɗan kati da bai kai tafin hannu ba. Abin da ya same mu da katin nan shi muke so mu ba masu karatu labari, gama mun san da yawa cikinku za su je gida da kaka ko a ƙarshen shekara.

Mu biyu ne, maigida da uwargida, mazauna Zariya. Saƙo ya zo daga Baffa cewa jikin Gwaggo ya matsa, ana so a kai ta asibiti a Funtuwa. Muka ce to, sai mu haɗa biyu: mu kai ta, mu kuma sayo masarar da gida zai ci har damina. Ranar Alhamis uwargida ta kwashi adashinta, muka zuba a asusun maigida. Ranar Jumma'a da sassafe muka tafi tasha.

Hanya

Daga Zariya mota takan bi ta Giwa ta shiga Funtuwa, garin auduga da hatsi. Wanda ya bi hanyar nan da kaka zai ga dawa ta sunkuya da nauyin zangarniya, an tsayar da bukkokin karan masara a gonaki, mata suna sheƙa a bakin hanya. Kudancin Jihar Katsina ke nan, rumbun jihar. Kafin 1987 duk ƙasar nan a cikin Jihar Kaduna take.

A tashar Funtuwa muka ciri kuɗi kaɗan wurin mai POS, watau masu 'yar na'urar nan da ke zaune ƙarƙashin laima suna ba mutane tsabar kuɗi su ɗauki ladansu. Muka wuce Bakori, muka karya kwana a Mararrabar Ƙanƙara. A Ƙanƙara, garin da aka sani da farar ƙasa, muka sāke cirar wani abu, muka sayi sabulu da sukari da gishiri na tsaraba. Azahar ba ta yi ba muka isa Mabai.

Mabai tana cikin Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa wakili ɗaya suke aikawa Majalisar Wakilai a Abuja, wahalarsu ma kusan ɗaya ce. Kowa ya tuna daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe 'yan makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Domin wannan, direbobi ba su son rana ta faɗi suna bisa hanya. Baƙo ma dole ya shirya al'amuransa su ƙare kafin la'asar.

Katin ya ƙi

Bayan mun gaida Gwaggo mun sha fura, Baffa ya kai mu wurin wani maƙwabcinsa mai sayar da hatsi. Aka yi ciniki na buhu shida, aka shirya. Sai muka tafi wurin yaron da ke da POS a bakin kasuwa domin mu biya kuɗin masara, mu kuma ciri na hayar mota da na asibiti. Wannan shi ne babban kuɗin.

Yaron ya sa kati, maigida ya danna lambobinsa. Muka jira. Yaron ya ɗaga na'urar sama yana neman sabis, sa'an nan ya duba ya ce, "Baba, ya ƙi." Muka ce a sāke. Ya sāke, ya ƙi. Ya ari na'urar abokinsa, ita ma haka. Ya ce, "Baba, wannan ba sabis ba ne. Bankinku ne ya riƙe katin."

Gabanmu ya faɗi. Kuɗinmu ne, guminmu ne, muna kuwa tsaye a garin ubanmu ba mu da abin da ya wuce canjin tsaraba. Muka ce bari mu tura ta waya. Nan muka tuna cewa lambar da muka ba banki ranar da muka buɗe asusu ta tsohon layi ce. Layin nan ba mu haɗa shi da lambar zama ɗan ƙasa ba, watau NIN, aka kuwa rufe shi sa'ad da wa'adin ƙarshe ya cika a Satumba 2024. Muka ci gaba da sabon layi, ba mu koma banki mun faɗa musu ba. Tura kuɗi ta lambobin waya kuwa ba ya yiwuwa sai da layin da banki ya sani.

Muka hau wani ɗan tudu bayan gari inda waya ke kamawa, muka kira lambar da ke bayan katin. Wadda ta amsa ta yi mana tambayoyi da ladabi, ta ce ba za ta iya buɗewa ta waya ba tun da ba da layin da ke littafinsu muke kira ba, sai mun je reshe da kanmu. Reshen bankinmu mafi kusa yana Funtuwa. Ranar Jumma'a ce, yamma ta yi, ba za a buɗe ba sai Litinin.

Daren Mabai

Da dare muna zaune a zaure, kunya ta hana mu cin tuwo sosai. Baffa ya dube mu ya ce, "Ɗana, kafin ku taso, ai kun aiko mini cewa kuna zuwa?" Maigida ya ce, "Mun aiko, Baffa." Ya ce, "Shi ya sa kuka tarar an share ɗaki. To, mai ajiyar kuɗinku fa, kun gaya masa za ku yi tafiya?" Muka yi shiru.

Sai ya shiga ba mu labarin fataken dā masu zuwa Gwanja sayen goro. Ya ce ayari ba ya faɗa wa gari haka kawai. Madugu yakan aika gaba a sanar. A kasuwa irin ta Salaga, a ƙasar Gana ta yanzu, kowane falke yana da mai masaukinsa, wanda zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. Baƙon da ba wanda ya san da zuwansa, ko da dukiya ya zo, sai an yi masa kallon tuhuma tukuna.

Daga nan hira ta koma kan abin da mutanen ƙasar suka gani da idonsu. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya saboda 'yan bindiga. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Funtuwa da Malumfashi. Na'urar POS kuwa da layin waya take numfashi. Wata da watanni mai kuɗi a banki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya taɓa ko sisi. Sa'an nan ga canjin kuɗi: a Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sāke fasalin naira 200 da 500 da 1,000, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwanni, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Baffa ya ce a kwanakin nan manomi ya karyar da hatsinsa ga duk wanda ya riƙo takardar kuɗi a hannu. Ya ce, "Mun ga ranar da kati ya yi amfani kuɗi suka ɓace, mun ga ranar da kuɗi suka yi amfani kati ya mutu. Mai hankali ba ya fita da ɗaya."

Da gari ya waye, kafin mu san abin yi, sai ga mai hatsin nan ya yi sallama. Ashe Baffa ya riga ya je wurinsa da asuba. Ya zaro kuɗi daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya ce wa maigida, "Malam, ga na mota da na asibiti. Masararku tana nan, na sa mata alama. Bankinku bai gane ku ba, amma mu mun san mahaifinka." Bai nemi takarda ba. Da kuɗin nan muka kai Gwaggo Funtuwa ranar Asabar, aka ba ta gado, aka sa mata ruwa.

A banki

Ranar Litinin tun ƙarfe bakwai muna bakin ƙofa. Da layi ya zo kanmu, aka duba katin shaidarmu da lambar BVN, wadda bankunan ƙasar nan suka fara bayarwa a 2014, aka ba mu takarda muka cika domin a canza lambar waya. Ma'aikaciyar ta juyo ta bayyana mana yadda abin ya faru.

Ta ce kwamfutar banki tana lura da halin kowane asusu kamar yadda makiyayi ya san tafiyar kowace saniya. Asusunmu shekara da shekaru a Zariya yake motsi, kuɗin cefane kaɗan kaɗan. Kwatsam ranar Alhamis kuɗi mai yawa ya shigo. Kashegari aka cira a Funtuwa, aka cira a Ƙanƙara, sa'an nan aka nemi kwashe kusan duka a wani ƙauye, har sau uku a na'ura biyu. Ta ce, "Baba, haka ɓarawon da ya tsinci kati yake yi." Sun aika saƙo, sun kira, layin a rufe. Da ba su sami mai amsawa ba, sai suka kulle. Muka ga lalle da ɓarawo ne ya riƙe katin, da yau godiya muke yi musu. Laifin namu ne.

A Amurka da Ingila an daɗe ana gaya wa matafiya su sanar da kamfanin katin bashinsu kafin su ƙetare, don kada su isa masauki a wata ƙasa kati ya ƙi. Yanzu waɗansu manyan bankunan can sun daina neman wannan sanarwa, sun dogara ga saƙon da suke aika wa mai kati a waya ya tabbatar shi ne. Ko can ko nan, maganar ta dawo wuri ɗaya: banki ya iya samun mai kuɗin a lokacin da yake nemansa.

Kafin ku tashi

Ga abin da muka koya, mun kuwa saya da tsada.

Ku je reshenku mako guda kafin tafiya. Ku tabbata lambar wayar da ke wurinsu ita ce a hannunku, an kuma haɗa ta da NIN. Ku gaya musu inda za ku da irin kuɗin da za ku cira, ku tambayi iyakar abin da katinku zai iya fitarwa a rana. Iyakokin nan sukan canza: a Disamba 2024, bayan dawowarmu, Babban Banki ya sa iyakar naira 100,000 a rana ga mutum ɗaya a wurin masu POS. Wanda zai ƙetare iyaka, ko Maraɗi ce, ya tambaya musamman ko katinsa na naira zai yi aiki a waje.

Ku duba wata da shekarar da aka rubuta a jikin kati, gama kati yana da ranar mutuwa. Asusun da aka daɗe ba a taɓa ba shi ma banki yakan sa shi barci, sai an je an tashe shi. In kun yi kuskuren lambar sirri sau biyu, ku dakata, gama na uku yakan kulle kati. Lambar nan kada ku faɗa wa kowa, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake.

In aka cire muku kuɗi amma mai POS bai ga ya shigo ba, ku karɓi 'yar takardar da na'ura ta fitar ku adana. A 2020 Babban Banki ya umarci bankuna su mayar da irin wannan kuɗi cikin awa 72. Takardar ce shaidarku.

Kada kuɗin gida duka ya zauna a kati ɗaya. Da mun bar rabin adashin a asusun uwargida, da ba mu kwana cikin zullumi ba. Ku riƙe tsabar kuɗin da za ta kai ku ta komo da ku, ku raba ta aljihu biyu, ba mai yawan da zai jawo ido ba. Ku rubuta lambar kiran bankinku a takarda, gama in kati ya ɓace lambar da ke bayansa ta tafi tare da shi. In da hali kuma, kada ku sa babbar biya ta faɗo ranar Jumma'a da yamma.

Ranar Talata muka koma Mabai da hantsi, muka biya mai hatsi kuɗin masara da bashinsa. Muka ƙara masa wani abu na godiya, ya mayar mana, ya ce a saya wa Gwaggo lemo. Ta yi kwana tara a asibiti, Allah ya ba ta sauƙi, yanzu tana gida tana kaɗi. Buhunan nan shida kuwa sun kai mu har sabuwar masara ta fito.