Hoton Da Ya Wanke Amaryar Baffana

A wannan mako ina so in ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu a nan Fatakwal, domin na tabbata akwai gidaje da yawa a ƙasar nan da irinsa ke faruwa, ana ta zargin juna, alhali kuwa cuta ce wadda likita ya ke iya gani.

Baffana, ƙanen mahaifina wanda ya riƙe ni tun ina yaro, ya zo Fatakwal a shekarar 1972 cikin jirgin ƙasa, yana rakiyar shanun wani Alhaji daga Kano. Bai koma ba. Ya yi dako a kasuwar Mayil Wan ta Diobu, yana ɗaukar buhun albasa a ka, har Allah ya buɗa masa ya zama shi ke saro ta daga Arewa mota-mota. Mutum ne wanda ba ya rubuta lissafi, amma ko bashin sule goma aka ci masa, ya kan tuna wanda ya ci da ranar da ya ci.

Wajen shekara uku da suka wuce sai abu biyu suka same shi. Na farko ciwon gwiwa, wanda ya tsananta har ya koma yin salla a kan kujera. Wannan bai ba kowa mamaki ba, aka ce tsufa ne da sanyin ƙashi. Na biyun shi ne ya ta da hankalin gida, watau mantuwa. Sai ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Ran nan ya fito daga masallaci ya kasa gane hanyar gidan da ya shekara talatin a cikinsa. Daga nan kuɗin albasa suka ɓace a ɗakinsa, ya rantse amaryarsa ce ta ɗauka. Kafin a ce haka magana ta kai Kano, 'yan'uwa suka yanke hukunci cewa sammu ta yi masa don ta mallake dukiya, lalle a sake ta. Da aka tsinci kuɗin cikin gafakar Alƙur'aninsa, sai aka ce ai ita ta mayar da ta ga asiri zai tonu. Baiwar Allah nan kuwa ita ke yi masa wanka, ita ke shafa masa man zafi a gwiwa, ba ta da abin cewa sai kuka.

Ni kaina, in faɗi gaskiya, zuciyata ta fara karkata ga zargin. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani likita da muka kai Baffa wurinsa saboda gwiwar. Ya auna jininsa ya ga ya hau ƙwarai, ya yi masa 'yan tambayoyi, sa'an nan ya ce a ɗauki hoton kansa da na gwiwar da na'urar maganaɗisu, wadda su ke kira MRI. Kuɗin ba kaɗan ba ne, sai da muka yi karo-karo.

Ranar ɗaukar hoton aka ce ya cire duk wani ƙarfe, da zoben azurfa da makullai, har layun da ke damtsensa. Da ya ga ramin da za a tura shi ciki sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, kabari ka kawo ni tun da raina?" Na ce, "Baffa, ka yi ta salati, yanzu za a fito da kai." Ya kwanta fiye da rabin sa'a, na'ura tana ta ƙara kamar ana dakan sakwara.

Bayan haka na yi ta tambaya da karatu don in san yadda abin nan ke aiki. Ashe fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne, a cikin ruwan kuma akwai ƙwayoyin haidurojin waɗanda maganaɗisu mai ƙarfi ke jera su sahu guda. Sai a buga musu igiyar rediyo su karkace, in suna komawa sahu sai su ba da wata amsa, kwamfuta ta tattara ta mai da ita hoto. Ana auna ƙarfin maganaɗisun da ma'aunin tesla, kuma mai tesla 1.5, irin wadda aka fi samu a asibitoci, ta ninka maganaɗisun duniyar nan wajen sau 30,000. Paul Lauterbur na Amurka ne ya fara fitar da irin wannan hoto a 1973, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila ya gano hanyar hanzarta shi, aka ba su kyautar Nobel tare a 2003.

Likita ya fara nuna mini gwiwar. Ya ce a kan ƙashin akwai guringuntsi mai santsi, kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, shi ke hana ƙashi gugar ƙashi. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna shi, sai dai a ga tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta ragu. Na Baffa ya cinye a gefe guda. Guringuntsi kuwa ba shi da jijiyar jini, saboda haka in ya tafi da wuya ya dawo. Wannan ne ya sa masu bincike suka duƙufa kan sababbin hanyoyin ɗaukar hoto, waɗanda ke auna ruwa da sinadaran da ke cikin guringuntsin, don a gane ya fara lalacewa tun bai siranta ba. A Amurka an fara wani bincike a 2004 inda aka bi mutum kusan 4,800 shekara da shekaru ana ɗaukar hoton gwiwoyinsu.

Sa'an nan ya juyo kan hoton ƙwaƙwalwa. Ya nuna mini wasu fararen tabo barbaje, da wasu 'yan ramuka ƙanana. Ya ce hawan jini na shekaru ne ya lalata ƙananan jijiyoyin jini, wasu suka toshe, wuraren da su ke ciyarwa suka mutu ba tare da ɓarin jiki ya shanye ba. Ya ce wannan ta'adi ya daɗe yana tafiya a ɓoye. Da na yi lissafi sai na ga tun kafin a ɗaura auren amarya likitoci ke ce wa Baffa ya sha maganin hawan jini, yana ƙi. Kunya ta rufe ni.

Na ɗauki takardar sakamakon na tafi Kano da kaina, na zauna gaban babban wanmu na karanta masa dalla-dalla. Akwai wata goggonmu da ta ce ai aljani ma yana iya sa farin tabo. Amma babban yaya ya yi shiru, can ya ce a kira masa amarya a waya, ya ce mata, "Ki yafe mana, mun ɗauki alhakinki." Maganar saki ta mutu daga ranar.

Kada mai karatu ya ɗauka hoto magani ne. Baffa bai warke ba. Yana shan maganin hawan jini, an rage masa gishiri, yana dogara sanda, wata rana ya gane ni, wata rana ya kira ni da sunan mahaifina. Abin da hoton ya yi shi ne ya gaya mana sunan cutar, ya hana mu zaluntar wadda ke jinyarsa.

Binciken kuwa bai tsaya ba. A watan Afrilu na 2024 masana a Faransa suka nuna hotunan ƙwaƙwalwar mutum daga wata na'ura mai tesla 11.7, da nufin fahimtar cututtuka irin su Alzheimer. A Malawi, irin wannan hoto ne ya nuna a 2015 cewa kumburin ƙwaƙwalwa ke kashe yara da yawa waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu kai. A 2020 kuma Amurka ta amince da wata ƙaramar na'ura mai taya wadda a ke turawa har bakin gadon majinyaci, a jona ta a soket na bango. Irin wannan ce nake fata hukumomi da masu hannu da shuni za su duba, domin talakan da ya yi dako shi ne gwiwarsa ke fara cinyewa, shi ne kuma ba ya iya biya.

Kira na ga 'yan'uwana mazauna Fatakwal, da Anacha, da Inugu, da na gida Arewa, shi ne mu riƙa auna jinin dattawanmu tun suna da lafiya. In tsoho ya fara mantuwa ko zargin iyalinsa, a kai shi asibiti kafin a nuna wa kowa yatsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.